Cin abinci a ƙaramin shagon unguwa a Biyetnam: daga karanta allo zuwa biyan kuɗi

Abin da ya fi damuna da mutanenmu in sun sauka Biyetnam, ko Hanoi ko Saigon, shi ne sai ka ga mutum ya yi sati biyu a gari bai ci komai ba sai burodi da shayi a ɗaki da soyayyen dankalin manyan shaguna, wai tsoron alade. Tsoron gaskiya ne fa, ban raina shi ba, don naman alade shi ne naman yau da kullum a ƙasar nan, kamar yadda naman shanu yake a wajenmu. Amma abincin ƙasar na ainihi ba a otal yake ba, yana cikin lungu, a ɗan shagon da wata dattijuwa ta shekara ashirin tana dafa abu ɗaya tak, kuma in ka san ƴan kalmomi kamar goma da abin da za ka tambaya kafin ka zauna wallahi za ka ci ka ƙoshi hankalinka kwance.

Fara da karanta allo tun kana bakin titi

Sauƙin da Allah ya yi mana shi ne rubutunsu da harufan boko ne irin namu, sai dai ɗige-ɗige da ƴan alamomi a sama da ƙasan harufa. Kuma yawancin shagunan unguwa ba su da wani dogon jerin abinci, sunan abin da suke sayarwa shi ne a allon ƙofa da manyan baƙaƙe, to kaga tun kafin ka taka ciki ka san inda ka dosa. Ka riƙe waɗannan: bò saniya, gà kaza, cá kifi, tôm jatan lande, trứng ƙwai, dê akuya, vịt agwagwa. Alade kuma suna biyu gare shi, a kudu wajen Saigon heo, a arewa wajen Hanoi lợn. In ka ga thịt shi kaɗai ba a faɗi na mene ne ba, ma'anarsa nama, kuma kusan kullum alade ake nufi. Sườn haƙarƙari ne, shi ma na alade. Chó ko cầy kare ne, ba ko'ina ake sayarwa ba kuma suna rubutawa ɓaro-ɓaro, ka wuce abinka.

Kalmar da ta fi kowacce amfani gare ka ita ce chay. Abincin mabiya addinin Buda ne wanda babu nama babu kifi a ciki sam, kuma shagunansa suna ko'ina musamman kusa da wuraren ibadarsu, ranar 1 da ranar 15 ga watan gargajiyarsu ma cika suke yi maƙil don mutane da yawa ba sa cin nama a ranakun. Amma ka lura da kyau, harshensu kamar Hausa ne wajen hawa da saukar murya, alama ɗaya tana canja ma'ana. Cơm chay shinkafa ce da kayan lambu da awara. Cơm cháy, mai ɗan karan nan a kan a, ƙanzon shinkafa ne, kuma galibi ana barbaɗa masa wani abu mai kama da dambun nama sak da ake kira chà bông ko ruốc, wanda na alade ne. Wannan dambun yana yaudarar ɗan Arewa ƙwarai don ido ya saba da shi, a kan burodi ake zuba shi, a kan shinkafa mai danƙo ta safe ma haka.

Maganar yanka

Gara in faɗa tun yanzu. Ko allo ya ce saniya ko kaza, a shagon unguwa na gama-gari ba yankan Musulmi ba ne, kuma mafi yawan mutanen ƙasar ba Ahlul Kitabi ba ne. To in kai Musulmi ne hanya uku ce a gabanka: shagon halal, shagon chay, ko kifi tare da tambaya. Wanda wannan bai shafe shi ba, ƙofa a buɗe take, sauran bayanin duk zai yi masa aiki.

A Saigon, wato birnin Ho Chi Minh, ka nufi titin Nguyễn An Ninh da ke jikin kasuwar Bến Thành, gajeren titi ne amma cike yake da gidajen abincin halal da shagunan hijabi saboda ƴan Malesiya da ke zuwa sayayya, a nan za ka sha phở, wato taliyar shinkafa cikin romo, na saniya ba fargaba. Akwai kuma babban masallacin titin Đông Du wanda Musulman kudancin Indiya suka gina a 1935, kewayensa ma akwai masu abinci. A Hanoi masallacin Al-Noor yana titin Hàng Lược cikin tsohon gari, ka je sallar Juma'a ka tambayi mutane, za su nuna maka. Da yawa daga masu dafa halal ɗin nan ƴan ƙabilar Cham ne, Musulman ƙasar na asali, masu yawa a yankin An Giang kusa da iyakar Kambodiya, in ka yi musu sallama za ka ga fuska ta sake nan take.

Wane shago za ka shiga

Wanda ya cika da ƴan gari, babura sun yi layi a ƙofa. Kar tarin tishu da ɓawon lemun tsami a ƙarƙashin tebura ya kore ka, haka ake yi, ana yarwa a ƙasa ko a ɗan kwandon da ke gindin tebur su share in an lafa, yawansa ma alamar ciniki ne. Abin dubawa shi ne tukunya, romon yana tafasa yana tururi ko kuwa ya huce? Ganyen sabo ne? Lokaci ma yana da muhimmanci, phở asalinsa abin karyawa ne, tun wajen shida na safe ake buɗewa kuma wasu in tukunya ta ƙare sun tashi ke nan ko da ƙarfe goma ne. Shagunan shinkafa kuwa da rana suke ci, sha ɗaya zuwa ɗaya, ka je da wuri kafin miya ta daɗe a tire.

Ba mai tarbarka a ƙofa ya kai ka mazauni. Ka shiga ka samu kujera, ƴar ƙaramar kujerar roba ce kamar ta tsugunno, in da gurbi a teburin da wasu ke ci ka zauna kawai, ba rashin kunya ba ne. In kana da babur za ka ga mai gadi yana ba da ƴar takarda ko ya rubuta lamba da alli a kan sirdi.

Kiran mai abinci

Nan ne na ji kamar ina gida, don su ma ba sa kiran mutum gatsau, da sunan zumunta ake kira. Wanda ka girma, mace ko namiji, em ơi, kamar ka ce ƙanena ko ƙanwata. Macen da ta ɗan girme ka chị ơi, wato yaya. Namiji anh ơi. Dattijuwar da ta kai sa'ar gwaggonka cô ơi. Ana furta ơi ɗin kusan kamar oi, kuma da ƙarfi ake faɗa a ɗaga hannu, in ka yi shiru kana jiran a lura da kai za ka daɗe. In za ka yafito mutum tafin hannu ya kalli ƙasa.

Sai jimlar da nake so ka rubuta a wayarka ka riƙa nunawa, don furucinmu ba lallai su gane ba: Tôi không ăn thịt heo, ba na cin naman alade. A Hanoi ka canja heo da lợn. Ka ƙara da mỡ heo, kitsen alade, don wasu da shi suke suya. Kuma ka nuna tukunya ka tambayi romon, don ga inda matsalar take: sau da yawa mai abinci da zuciya ɗaya za ta ce maka babu alade, tana nufin babu yankan nama a kwano, alhali da ƙashinsa aka dafa romon, ko an zuba garin ɗanɗanon nan nasu hạt nêm wanda mafi shahararsa da ƙashin alade ake haɗa shi.

Ni abin da ya koya min wannan wata safiya ce a wani lungu, na ga allo an rubuta bún bò Huế, na ce to bò saniya, na zauna. Kwanon da aka ajiye min jan mai ne ke yawo a sama, ƙamshin ciyawar lemun tsami ya bugi hancina, na sa cokali na juya sai ga wani dunƙulen ƙafa mai fata fara ya taso, gefensa wani yanki mai kusurwa huɗu launin hanta, santsi kamar awara. Ƙafar alade ce da daskararren jini. Na ajiye cokali na biya na fita, matar ta biyo ni har ƙofa da damuwa a fuskarta tana tambayar ko bai yi daɗi ba ne, kuma ita ba ta yi laifin komai ba, haka ake dafa shi tun asali a birnin Huế. Shi ya sa nake cewa suna kaɗai bai isa ba.

Ga sauran waɗanda alade ke ciki ko ba a rubuta ba: bún chả na Hanoi, wanda Obama ya zauna a kujerar roba ya ci a 2016 har duniya ta ɗauka, gasasshen alade ne zalla. Cơm tấm, shinkafar tsaki ta Saigon, da haƙarƙari da fatar alade take zuwa. Hủ tiếu romonsa ƙashin alade ne. Naɗin nan na soye, chả giò ko nem rán, da ɗanyen naɗin gỏi cuốn mai jatan lande da ake hangowa ta cikin fatar shinkafa, duk akwai. Bánh mì, burodin da suka gada daga Faransawa, ko na ƙwai ka ce a yi maka hannun mai sayarwa ya saba shafa niƙaƙƙiyar hantar alade kafin komai, sai ka tsaya a kansa ka ce không pa-tê, kuma wuƙa ɗaya ce ake yanka komai da ita.

In kwanon phở ya iso

A ce kana shagon halal yanzu. Ana furta sunan kusan kamar fa, a ja shi murya ta sauka ta hau kamar mai tambaya. Taliyar shinkafa ce mai faɗi a cikin romon ƙashin saniya da aka dafa awanni masu yawa da gasasshiyar albasa da gasasshiyar citta, da kirfa da kanumfari da wani ɗan itace mai siffar tauraro, romon garau yake kana ganin ƙasan cokali, ba kauri irin na farfesunmu ba kuma ba yaji, kar ka ɗauka an yi masa rowar kayan miya ne, da gangan ne.

Za a tambaye ka wane nama. Tái shi ne ɗanyen yanka siriri da zafin romo ke dafawa a cikin kwano, chín dafaffe ne lugub, nạm gefen ciki, gầu mai kitse, gân jijiya, sách tumbi. Farkon zuwa ka ce chín, cikinka bai saba ba tukuna. In kana son ka ɗanɗana duka ka ce đặc biệt. Na kaza kuma phở gà.

Kafin ka taɓa komai ɗauki tsinken cin abinci biyu da cokali daga gwangwanin da ke kan tebur ka goge da tishu, wasu har lemun tsami suke matsawa su goge, kowa haka yake yi ba wanda zai ji haushi. Sannan, don Allah, ka fara kurɓar romon yadda yake cokali biyu uku kafin ka zuba masa wani abu. Matar nan tun dare take kan tukunyar nan tana kwashe kumfa, hakkinta ne a ɗanɗana aikinta. Bayan nan sai ka gyara yadda kake so: matsa lemun tsami kaɗan, sa barkono yanka biyu ko uku, ka yi hankali da shi ƙanana ne amma sun fi attaruhu saurin kamawa.

Daga nan arewa da kudu suka rabu. Phở a arewa aka haife shi, wajen Nam Định da Hanoi a farkon ƙarni na 20, kuma har yau a can ba a cika masa kaya, albasa mai lawashi ce kawai sai ruwan tsami mai tafarnuwa, sai wani soyayyen fulawa dogo da ake kira quẩy ana tsomawa a romo. Da aka raba ƙasar biyu a 1954 mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa kudu da girkinsu, a can ne romon ya ƙara zaƙi aka fara kawo farantin ganye guda a gefe, kuma irin na kudun ne ya bazu Amurka da Faransa da Ostareliya bayan 1975, shi ya sa in ka shiga gidan abincin ƴan Biyetnam a Faris ko Landan galibi da farantin ganyen za a kawo maka. A farantin akwai wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya, húng quế, da wani dogo mai baki kamar zarto, ngò gai, da tsiron wake fari. Tsinke ganyen da hannu ka yayyaga a cikin romo, karan ka ajiye. In kana tsoron ɗanyen abu ka ce trụng, za su tsoma maka a tafasasshen ruwa su kawo. Baƙin miyan nan mai zaƙi da jan na barkono da ke cikin robobi, ka matsa su a ɗan ƙaramin faranti ka riƙa dangwala nama, in ka tuttula su a kwano romon ya tashi daga aiki.

Tsinke a dama cokali a hagu suke yi, a ɗebo taliya a ɗora a cokali da ɗan romo. Mu da muka saba ci da dama sai ka tara a cokalin sannan ka karɓa da dama, ko ka nemi cokali mai yatsu, nĩa a kudu dĩa a arewa, ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Sunkuyar da kai kusa da kwano ka zuƙa, ƙarar zuƙa ba laifi. Abu ɗaya da ba a yi: kafa tsinke a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa mamata, in ka gama ka kwantar da su a kan bakin kwano. Ka ci da zafinsa kuma, taliyar shinkafa in ta jima tana shanye romo ta kumbura.

Shagon shinkafa da shagon chay

In ka ga cơm bình dân, shinkafar talaka ke nan, irin mai abincin bakin tasha ce, tire-tire a jere cikin gilashi ka nuna da yatsa a ɗora maka a kan shinkafa, a haɗo da ɗan kwanon miya. A irin wannan ne kifi ke ceto, amma da tambaya, don kifin kaskon nan mai daɗi, cá kho tộ, wasu suna jefa masa kitsen alade. Wanda na fi so shi ne canh chua cá, miyar kifi ta kudu mai tsamiya da abarba da tumatir da kuɓewa, ranar da na fara sha tsamiyar nan ta kai ni gida kai tsaye, ga kuɓewar ba a kaɗa ta ba an yanka ta manya-manya tana garas-garas. Ka haɗa da rau muống xào tỏi, wani ganyen fadama da ake soyawa da tafarnuwa, ka ce da man gyada ko na waken suya, dầu ăn.

Za ka ji warin nước mắm a ko'ina, ruwan ƙananan kifi ne da gishiri da ake tsimawa a manyan ganguna kusan shekara, na tsibirin Phú Quốc ya fi suna. Matsayin daddawa yake da shi a girkinsu, a kwalba wari a miya daɗi. Mai launin toka-toka da shunayya kuwa, mắm tôm, na jatan lande ne kuma ƙarfinsa ya ninka, ka fara da kan tsinke.

Shagon chay shi ne inda za ka saki jiki gaba ɗaya. Awara iri-iri, soyayya da dafaffiya cikin tumatir da wadda aka yi da ciyawar lemun tsami da barkono, naman kaza na tsiro wato laimar kwaɗi, kabewa, har phở da bún Huế ɗin da na bari a baya akwai na chay ɗinsu. Za ka ga abu kamar cinyar kaza ko haƙarƙari a tire, kar gabanka ya faɗi, waken suya ne da alkama aka sarrafa. Kuma ya fi ko'ina araha.

Abin sha

Trà đá shayi ne marar sukari da ƙanƙara, kusan kyauta. Ƙanƙarar in mai rami ce a tsakiya ta kamfani ce, ita ta fi aminci a kan wadda ake fasawa daga babban dutse. Ruwan rake da ake matsewa a gabanka, nước mía, da ɗan lemu a ciki, kar ka bar ƙasar ba ka sha ba. Kofi kuwa Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Barazil, cà phê sữa đá shi ne mai madarar gwangwani da ƙanƙara, yana ɗiga a hankali daga ɗan gwangwanin tacewa, ƙarfi gare shi sosai kar ka sha da yamma in kana son barci. Bia giya ce, inda ka ga bia hơi ko quán nhậu mashaya ce ba wajen cin abincinka ba.

Biyan kuɗi

Ba a kawo takarda sai ka nema. Ɗaga hannu ka ce em ơi, tính tiền, ko ka taka wajen mai tukunya ta lissafa da ka. Kuɗinsu đồng ne, sifili sun yi yawa shi ya sa suke rubuta 50k maimakon 50,000, kwanon phở a unguwa yana kaiwa wajen dubu 40 zuwa 60, na halal a tsakiyar gari ya fi haka tsada. In ba a rubuta farashi a bango ba ka tambaya kafin ka ci, bao nhiêu, su danna maka a waya. Ɗan tawul mai sanyi da ke cikin leda a kan tebur ba kyauta ba ne, in ka fasa za a sa maka a lissafi, kuɗi kaɗan ne dai. Ka riƙe ƙananan kuɗi, kuma ka duba da kyau don takardar 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne, da daddare mutum yana iya miƙa babbar a madadin ƙaramar, ni raba musu aljihu nake yi. Ba a saba barin tukwici a irin waɗannan shaguna ba, za ma a iya biyo ka da canjinka. Miƙa kuɗin da hannu biyu in dattijuwa ce, ka ce cảm ơn cô, in ya yi maka daɗi ka ƙara da ngon quá, sannan ka tashi da wuri don akwai mai jiran kujerar a tsaye da hular babur a hannu.